Ruwan Omo a Birkin Motar Baba

Yaya Mamuda,

Ka ce takardar sakandare ba ta koya mini mota ba. To, na ji. Jiya na yi shiru ne don Inna tana tsakar gida, ba don ka fi ni gaskiya ba.

Da asuba na buɗe gaban jif ɗin Baba. Ruwan omo ka ɗura a mazubin man birki, har kumfarsa na gani. Na san dabarar direbobin tasha ce, amma wannan ba akori-kurar kasuwar Kurfi ba ce. Shi ya sa shekaranjiya a hanyar Karofi na taka birki ya nutse har ƙasa, ga shanu sun cika titi, ga Inna a baya tana salati. Kai kuwa ka ce hannuna ne bai faɗa ba.

Tun shekarar da aka koma tuƙin dama Baba yake riƙe da motar nan, bai taɓa zuba mata abin da ba nata ba. Sati uku kawai ya bar maka ita.

Na tafi Katsina wurin Simeon bakanike in samo man birki da sababbin robobin birki. Makulli yana aljihuna. Kada ka haɗa waya ka tashe ta. Gwaggo Tani da za ka kai Kurfi yau ta hau bas, ko ta jira ni.

Da shanun nan ba su watse ba, me za ka faɗa wa Baba ranar da ya dawo daga Makka?

Abdulƙadir