Zuwa ga Rifkatu, a kan Hoton Ƙaninki

Ƙanwata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gida a can Jos. Ni ce Dija, wadda kike kira Adda. Na san kin daina amsa wayata tuntuni, kuma ban ga laifinki ba.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa ofishinmu na Demsawo? Mu uku ne a wurin: Barista yana yi wa sababbin kamfanoni rajista, Malam Bappa yana duba musu harkar haraji, ni kuma ina koya wa matasa yadda za su tsaya gaban masu zuba jari su yi bayanin sana'arsu. Kin zo da tsohuwar kwamfuta a cikin ledar shinkafa. Kin ce kin haɗa wata manhaja da ke tura wa manoman lambu na bakin tafkin Njuwa saƙo a waya kowace safiya, ta gaya musu farashin tumatir da attarugu a kasuwar Jimeta, don kada dillalai su riƙa cutarsu. Ba ki ce mana daga Michika kike ba. Sai daga baya na ji cewa ke da Mama, mahaifiyarki, kun iso garin nan da ƙafa a shekarar gudun hijira, kuna zaune a ɗaki ɗaya a Dubeli.

Na so ki, Rifkatu. Wannan ba ƙarya ba ce. Har gidanmu na Yola kika riƙa zuwa, Dada, mahaifiyata, tana dama miki fura tana tsokanarki da Fulatanci.

A tsakar gidan ne, wata ranar Asabar muna ɓare gyaɗa, kika ba ni labarin ƙaninki Tumba, ranar da kuka gudu daga Michika. Kun riga kun kai bakin dutse, ya ce ya manta takardunsa na makaranta, bari ya koma ya ɗauko. Kuka jira shi kwana biyu a wurin, bai dawo ba. Kin faɗa mini sau ɗaya, idonki a kan gyaɗar, ba ki sake ba.

Da aka gayyace ki Abuja ki gabatar da manhajar a wata gasa gaban masu zuba jari, sai na ce ki fara da wannan labarin. Na ce mutanen nan sun gaji da jin farashin tumatir, abin da zai taɓa musu zuciya suke so. Kika dube ni kika ce, “Adda, tumatir na zo sayarwa, ba ƙanena ba.”

Na ce to. Da bakina na ce miki to.

Washegari na tafi Dubeli a lokacin da na san kina lambu. Na ce wa Mama ta ba ni hoton Tumba in kai a wanke mata babba. Ta ciro shi daga cikin Littafi Mai Tsarki, ta goge shi da bakin zaninta kafin ta miƙo mini. Shi kaɗai ne hotonsa da ya fito daga Michika.

Na saka shi cikin hotunan da za ki haska a allo, na uku daga farko, na rubuta “Dalilina” a ƙasansa. Na gaya wa kaina taimakonki nake yi, wai za ki gode mini idan an ci.

Ina layin gaba lokacin da kika danna. Fuskarsa ta cika bango, yana murmushi cikin rigar makaranta. Kin juya kin kalle shi. Ba ki nemi idona ba, kuma na ji daɗin hakan, don ni takalmina nake kallo. Sai kika danna na gaba, kika ci gaba da maganar kwandunan tumatir, muryarki ko rawa ba ta yi ba. Wata mata kusa da ni tana share hawaye. Aka yi ta tafi. Aka zaɓe ki.

A mota ɗaya muka taho, tun daga Abuja har Numan. Can kika sayi ruwa kika miƙo mini ɗaya, kamar yadda kika saba.

Bayan wata biyu kika zo wurin Barista, kika sa hannu kika bar wa wani abokin aikinki kamfanin. Barista ya tambaye ni abin da ya faru, na ce gajiya ce kawai.

Akwai abin da ba ki sani ba. Na kai wa Mama hoton, an wanke shi babba an sa masa gilashi. Ta rungume shi, ta kama hannuna biyu tana sa mini albarka, ta ce ni ’yarta ce ta cikinta. Na tsaya na karɓi albarkar, har amin na ce.

Da wanda ya fi wannan. Shekara da shekaru ina ba da misali da ke a wurin horar da matasa. Ina ce musu ku dubi yarinyar Michika, labarinta ne ya buɗe mata ƙofa. Suna rubutawa a littafi. A watan jiya wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni ina yarinyar take yanzu, tana nan da kamfanin? Na ce a tafi hutun shan ruwa.

Manhajarki tana nan tana aiki. Manoman Njuwa har yau suna ce mata “saƙon Rifkatu”.

Ba don ki amsa na rubuto ba. A bainar jama'a na yi miki laifin, shi ya sa na ga bai dace in nemi gafara a ɓoye ba. Na sa wasiƙar nan inda kowa zai karanta, sai dai na canza sunanki da nasa. Amma ina cikin rubutun nan na lura cewa ga shi na sake ba da labarin ƙaninki gaban mutane, kuma wannan karon ma ban tambaye ki ba. Idan kin ce in sauke wasiƙar, kalma ɗaya ta isa, ko ta bakin wani ce.

Allah Ya ba Mama lafiya da tsawon rai. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya haɗa ki da mutanen da idan kin ce musu a'a za su ji. Tumba kuma, duk inda yake, Allah Ya san wurin.

Taki, idan har yanzu kin yarda,
Dija