Ƙananan Layukan da Ban Karanta Maka Ba

Zuwa ga aminina Isufu Tela,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ni nake karanta maka wasiƙa, tawa kuwa ba ta da mai karanta maka.

Tasawa tana nan yadda ka bar ta. Damina ta yi kyau, sai dai tsutsa ta taɓa gero wajen Kona. Ƙafafuna sun daina kai ni kasuwa, kuma tun rasuwar matata Hajiya gidan ya yi mini faɗi. Ɗanka Laminu kaɗai ke leƙo ni, kowace Juma'a bayan masallaci, da goro biyu, ko da yake ya san ba ni da haƙoran cinsu. Ya cika shagonka: keken ɗinki uku, da injin zubi da ya sayo a Maraɗi, da ɗan injin wuta. Jikin bangonsa kuma wani ya kafa tebur yana sayar da isansi, wato man fetur, a kwalabe. Ina tuna wannan teburin fiye da yadda ya kamata.

A watan jiya wata ma'aikaciyar kamfanin asuransi, wato inshora, ta zaga masu sana'a, teloli da kafintoci da masu walda. Laminu ya sallame ta, ya zo yana ba ni labari yana dariya. Ya ce wasiyyarka ya bi, don kai ka gaya masa mutanen nan ɓarayi ne masu takarda.

Isufu, ba su ne suka cuce ka ba. Ni ne.

Ka tuna ranar da ka kawo mini takardarsu in duba maka kafin ka dangwala? A rumfarka ne, mutane cike. Idona ya riga ya fara hazo, ban gaya wa kowa ba. Manyan layukan na gani. Ƙananan da ke baya kuwa kamar jerin tururuwa. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Faransanci a lakwal, kowa na ce mini Mushe, wato malamin boko, ta yaya zan ce ba na gani? Na juya takardar, na gyaɗa kai, na ce komai daidai ne.

Kai kuwa, kamar kowane tela a nan, ranar kasuwar ƙauye kake ɗora kekenka a amalanke. Da ta kife a ƙorama kana dawowa daga Kona, ruwa ya tafi da keken da yadin mutane. Ni na raka ka buronsu, ofishin kamfanin, a Maraɗi. Akawun ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ya ce da Faransanci takardar ta tsaya ga abin da ke cikin shago, da an faɗa musu kana cin kasuwanni da sun ƙara maka hanya a ciki. Ka tambaye ni abin da ya ce. Na ce sun ƙi. Nan na tsaya.

Ka yi wata takwas kana ɗinki da keken aro. Ka zage su har ka koma ga Allah, ni kuwa kullum kana ajiye mini wurin zama a inuwa. Ka taɓa zargina kuwa? Ko ka gane ka rufa mini asiri?

Ranar da Laminu ya zo yana dariya na gaya masa duka. Na san abin da nake iya rasawa, amma ga teburin isansi, ga kayan sallar mutane jibge a shagon, in gobara ta tashi fa?  Ya ajiye goron ya fita, ko sallama babu.

Juma'a biyu ban ji motsin babur ɗinsa ba. Na share tabarmarsa duk da haka.

A ta uku ya shigo da takardar matar nan. Bai ɗauko zancen ba. Ya zauna, ya ce shi ajinsa shida kawai, zai karanta a hankali, ni in fassara. Daga ƙananan layukan ya fara. Sau uku na ce masa ban sani ba, shi kuma yana shata wurin da allin ɗinki don ya je ya tambaya. Bai sa hannu ba tukuna. Yana son mutanen kamfanin su fara zuwa su ga teburin isansin da idonsu, su rubuta shi a ciki.

Ban sani ba, kalma uku ce, Isufu. Ashe ba ta da nauyin da na zata.

Da zai tafi ya ce, Baba, sai Juma'a. Ya bar goro biyu.

Ka yafe mini. Ba na jin zan daɗe ban zo na faɗa maka da bakina ba. Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri.

Naka, wanda ya gyaɗa kai bai gani ba,
Mushe Abdu