Na Ci a Makaranta

Litinin, 2 ga Satumba

Yau aka raba mu. Ni da ƙawata Shamsiyya an tura mu Badafi, a can za mu yi aikin koyo na shiga gida-gida: awon yara, duba katin rigakafi, yi wa mata bayanin abinci mai gina jiki. Malama Zuwaira ce za ta riƙa zagayowa duba mu. Ta ce duk wadda ba ta kammala ba sai ta maimaita shekara, ba roƙo ba kuka.

Na yi murna, don daga Kiru ya fi min kusa a kan zuwa makarantarmu ta kiwon lafiya a Bebeji kullum. Har na hango kaina cikin farin hijabi ina tafe tsakanin gonakin masara. A littafin soyayya, daidai nan ne wata baƙar mota take tsayawa a sauke gilashi. Ni kuwa nawa gwanin yana Tudun Wada yana gyaran injin ban ruwa, sai Alhamis yake dawowa, kuma babur gare shi. Ba komai. Yana da murmushi.

Laraba, 4 ga Satumba

Iya ta dama koko tun da sassafe. Ina saka takalmi ta leƙo ta ce, “Amarya, ga koko da ƙosai.” Na durƙusa na ce, “Na gode Iya, zan ci a makaranta.”

Ƙamshin ƙosan nan har bakin titi ya raka ni.

To amma yaya zan yi? Ita ce ta haifi mijina, Yaya Abdul. Ni ya kamata in girka mata, ga shi saboda karatuna ita take girkawa. Sai kuma in zauna a gabanta ina kai loma? Ranar da za a kawo ni gidan nan Gwaggo ta ja kunnena ta ce kada in kuskura in buɗe ciki a gaban suruka. Ko tuwon yamma da take ajiye min, gefe nake ɗan taɓawa in mayar. Kwano ya koma wayam, me za ta ɗauke ni?

Alhamis, 5 ga Satumba

Ya dawo. Na yi mana taliya da manja da yaji, muka ci a ɗaki, na ci har da ƙari. Ya ce na rame. Na ce yayi ne.

Litinin, 9 ga Satumba

Ranar farko a Badafi. Ashe tafiyar ƙasa ce zalla. Unguwa zuwa unguwa, ga laka, ga sikelin awo a hannu, ga jaka a kafaɗa. Da azahar muka zauna a gindin mangwaro, Shamsiyya ta buɗe kularta, shinkafa da wake har da salak. Ta ce, “Matar Yaya, bismillah,” haka take tsokanata don Yaya nake kiran mijina. Na ce na ci a gida.

Ni matar aure, in sa hannu a kular budurwa? Gobe a ce mijina ba ya ciyar da ni. Na sayi lemon kwalba da biskit, na sha a hankali irin yadda jarumar littafin da nake karantawa take yi. Ita ko an jera mata kaji a tebur, cokali biyu take yi ta ture. Shi kuma ya yi ta lallashi.

Laraba, 11 ga Satumba

Kaina yana sarawa tun la'asar. In na miƙe da sauri sai in ga wasu taurari. Rana ce.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na buɗe darasin abinci zan yi bita, na karanta shafi ɗaya sau ban san adadi ba, bai zauna ba. Na koma littafina a waya. Shi ma sai na ga layukan suna rawa.

Iya ta aiko min da dambu. Na ɗebi kaɗan, na gyara saman da cokali yadda ba zai nuna rami ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Jiya na faɗi.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko na huta da tuna shi. Muna wani gida a ƙarshen gari, ina tsaye ina yi wa wata mai goyo bayani. Ina cewa ta riƙa zuba garin gyaɗa a kunun yaro, ta ba shi wake da zogale da ƙwai in ya samu, ita ma kada ta fita gona ba ta karya ba. Ina cikin faɗin “ba ta karya ba” ɗin nan sai na ji muryata tana nisa, kamar wata ce take magana a bayan katanga. Shi ke nan.

Na sha karanta suma. Kullum a hannun wani ake faɗawa, a farka a asibiti mai sanyi, yana riƙe da yatsunta idonsa ya yi ja. Ni a kusa da turken awaki na farka, an sheƙa min ruwan randa, hijabina duk ƙasa, wata tsohuwa tana yi min fifita da faifai tana cewa, “Sannu likita.” A bayan a-kori-kura aka kawo ni asibitin Kiru, ni da Shamsiyya da buhunan masara.

An auna jinina, an ce ya yi ƙasa. Ma'aikaciyar ta ja fatar idona ta duba ta ce, “Ke da kike koya wa mutane?” Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini.

Iya ta zo da saurinta, fuskarta da wani haske da na gane ma'anarsa. Ta ja ma'aikaciyar gefe. Da aka ce mata ba ciki ba ne, sai hasken ya tafi, damuwa ta zauna a gurbinsa.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na ji su ta taga, ita da Yaya Abdul. Ba ta ɗaga murya ba, Iya ba ta ɗaga murya.

“An ba ni 'yar mutane da kumatunta. Dube ta yanzu. Me zan ce wa iyayenta? Karatun nan ya isa haka.”

Ya ce, “Iya, na yi wa mahaifinta alkawari za ta gama.”

“Alkawarin a kawo masa ita a buhu ka yi?”

Da ya shigo ya zauna a bakin gado. Na jira ya ce zai tsaya min ko duniya za ta taru. Abin da ya ce shi ne, “Rufaida, ba zan iya yi wa Iya musu ba. Ki ba ni lokaci.”

Na juya wa bango fuska. Tun ina aji uku a sakandare nake son farar rigar nan ta ma'aikatan lafiya.

Asabar, 21 ga Satumba

Shamsiyya ta zo dubiya da lemon zaƙi a leda. Ta gaida Iya a tsakar gida, ina jin su daga ɗaki. Bakin Shamsiyya ba ya da birki.

“Wallahi Iya ni abin ya ɗaure min kai. Kullum na ce ta ci sai ta ce ta ƙoshi, ta ci a gida.”

Tsintsiyar Iya ta tsaya.

“A gida? Ni kuwa kullum ce min take za ta ci a makaranta.”

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Shamsiyya ta shigo tana zare ido ta ce, “Ke, ashe iska kike ci? To ai ko waya sai an sa mata caji.” Na jefe ta da matashi. Ta ce Malama Zuwaira ta ba ni mako guda in huta, in na wuce haka ba ruwanta.

Bayan ta tafi Iya ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba. Ta ce, “Amarya, girkina ne bai yi miki ba? Na san ku 'yan makaranta ba ku saba da tuwon dawa ba. Da kin faɗa, ai da an sayo abin da kike so.”

Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Ashe duk kwanon da na mayar a cike, abin da take karantawa a ciki ke nan. Na ce, “Wallahi Iya ba haka ba ne. Dambunki ko a gidanmu ban ci irinsa ba. Kunya ce.”

Sai ta ce, “Kunya.” Ta tafi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Da safe na ji an ajiye abu a ƙofa. Sai muryar Iya, da ƙarfi kamar da unguwa take magana: “Ni na shiga maƙwabta barka, sai an jima. Kajin nan in sun ga abinci a buɗe ba sa bari, ko mutum ya cinye ko su cinye.”

Kunun gyaɗa ne da ɗumamen tuwo miyar kuka, da dafaffen ƙwai. Ba wadda ta haihu a layinmu, na sani.

Na cinye tas. Na yi kuka kaɗan a kan kwanon, sannan na wanke shi na kife.

Talata, 24 ga Satumba

Yau ma ta tafi “barka”. Matan layin nan sun dage da haihuwa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Yaya Abdul ya dawo da hanta daga Tudun Wada da ƙullin dankalin Hausa. Ya ce ya sake yi wa Iya magana. Ta ce in koma in ƙarasa aikin Badafi, amma in na sake yin ko da layi ne a hanya, magana ta ƙare. Komawa aji a zango na gaba kuma ba ta ce komai a kai ba.

Na ɗauko littafin darasinmu, wannan karon don kaina. Duk abin da nake faɗa wa matan ƙauye yana nan a gidanmu: wake a buhu, zogale a bayan ɗaki, gyaɗa sabuwar cira, gwaba a gidan maƙwabta. Na ga inda aka ce shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini, gara lemon zaƙi ko gwaba. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, na kuma ci gaba da shan shayina.

Na karanta masa. Ya ce, “To likita, ni ma a duba ni, da rake nake wuni.” Na ce daga yau ya daina. Ya ce to ranki ya daɗe.

Litinin, 30 ga Satumba

Na koma. Na karya kafin in fita, a ɗaki, Iya tana can wajen awakinta ta ba ni baya. A bakin ƙofa na tarar da kula da gorar ruwa.

Da azahar a gindin mangwaro na buɗe: dambu da zogale, an barbaɗa ƙuli. Shamsiyya ta leƙa ta ce, “Matar Yaya, yau ba a ci a gida ba?” Na ce ta rufe min baki ta kawo cokalinta. Muka haɗa nata da nawa. Ba wanda ya ce komai game da mijina. Ba ma wanda ya kalle mu sai wani ɗan akuya.

Laraba, 2 ga Oktoba

Mun koma gidan da na faɗi. Na so mu tsallake shi, Malama Zuwaira ta ce a'a. Tsohuwar nan ta ce, “Likita, yau dai an karya ko in ɗebo ruwa?” Matan gidan suka yi ta dariya, ni ma na yi. Na ce musu abin da ya kayar da ni ke nan, fita aiki da ciki wayam. Ban taɓa ganin sun saurare ni kamar yau ba. Mai goyon har tambaya ta yi, ko waken suya zai yi a kunu.

A hanya mun sayi fura da nono wajen wata Bafulatana. Lemon kwalba sai na ji ya yi min zaƙi da yawa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban gama littafin nan ba har yanzu. Barci yake ɗauke ni.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An sake awon jinina. Ya hau, bai kai yadda ake so ba amma ya hau. An ce in ci gaba da ƙwayoyin da abincin. Na faɗa wa Iya, ta ce, “Madalla.” Daga nan ba ta ƙara ba. Gobe za mu gama Badafi, kuma har yanzu ban san ko zan koma aji ba. Yaya Abdul ya ce kada in tambaya, in bari ta sauko da kanta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun gama jiya, Malama ta sa hannu.

Yau tun hantsi ake ruwa, irin na bankwana, ba inda za a fita. Ni na yi girkin, fate da wake da rama. Na kai wa Iya rumfa, ta ce in zauna in taya ta ɓarar gyaɗa kafin ya huce. Muna ɓara ta jawo kwanon tsakaninmu. Tana ba ni labarin wata akuyarta mai satar dusa, ina dariya.

Can ta ce, “Zangon naku na gaba yaushe ne? In sani, kada maigidanki ya kai waken nan kasuwa duka. Mai zuwa Bebeji kullum ai sai da guzuri.”

Na faɗa mata ranar.

Sai da na tashi wanke hannu na lura kwanon ba komai a ciki, kuma ɓangarena ya riga nata ƙarewa. Ruwan saman ne ya jawo, ba wani abu ba. Gishirin ma ya ɗan yi kaɗan, gobe zan gyara.