Ta Ɗaure Hannayen da Ɗana Yake Magana da Su

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san "ki yi haƙuri" kawai zai rubuta ya bar abinsa, na sha jin ta har ta ishe ni.

Ni matar aure ce a Nguru, ɗinki nake yi a gida, maigidana kuma bandar kifi yake kaiwa kudu. 'Ya'yanmu huɗu, na ukun shi ne Sadiku, shekararsa tara. Sadiku ba ya gani kuma ba ya ji, haka aka haife shi, ga farfaɗiya da ke tasar masa lokaci-lokaci. Makarantar kurame suka ce ba su iya da makaho ba, ta makafi suka ce ba su iya da kurma ba. Haka muka zauna da shi, in yunwa ce ihu, in ciwo ne ihu, ya ciji hannunsa, ya buga kansa da bango, ni uwarsa sai dai in yi ta canke ko me yake so.

Yayata Falmata da ke aure a Gashua ita ta ba ni labarin wata mata, zan kira ta Malama kawai, wadda ta karanta koyar da masu buƙata ta musamman, ta buɗe aji a wani ɗaki na gidanta tana karɓar yaran da ko'ina aka ƙi. Na kai shi, ya koma zama wurin Ya Falmata, ni kuma duk ƙarshen mako in hau mota in je. Zan faɗi gaskiya ko da zuciyata na tafasa, matar ta iya aikinta. A tafin hannu take masa magana, ta ɗora hannunsa a kan nata ya bi motsin, har ya gane kowane abu da alamarsa. Ya koyi abinci, ya koyi ƙari, ya koyi banɗaki, ya koyi zafi. Kowane mutum ma da tasa alamar, ni jan kunne ce saboda ɗankunnena da yake shafawa, Malama kuma zagaye yatsa saboda zoben da take sawa. Ranar da ya fara jan kunnensa yana laluben inda nake, a tsakar gidan yayata na zauna na yi kuka, don a ranar ɗana ya fara kirana. Wallahi a lokacin nan, da Malama ta ce in kwanta ta taka ni da na kwanta. Kayan sallarta da na 'ya'yanta ni nake ɗinkawa kyauta, maigidana ba ya dawowa bai aika mata da kifi ba.

Daga baya sai abin ya fara canzawa. Baƙi suka fara zuwa da manyan motoci, ana ɗaukar hoto ana sawa a Facebook, kuma kusan kullum Sadiku ne a gaba, saboda shi ne abin mamakin. Yaran da da ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba suka cika ɗakin har baranda, daga Dapchi, daga Machina, ita kaɗai ba mataimaki.

Wata Juma'a na je na tarar yaron ya cusa hannayensa a hammata, na kama ya fizge, na sake kamawa ya cije ni. Ku fahimce ni jama'a, yaron da ba ido ba kunne, hannu ne kaɗai ƙofar da ake shiga wurinsa. Da na yi masa wanka na ga shatin ɗauri a wuyan hannayensa biyu, wani wurin har ya sale. Ya Falmata ta ce ta tambaya an ce mata shi ya ji wa kansa. Na yi ta lallashi har ya sake jiki, na yi masa alamar zafi na taɓa wurin. Sai ya zagaye yatsansa, ya damƙe wuyan hannunsa, ya yi alamar zafi, ya sake zagaye yatsan. Ya maimaita, ya maimaita.

Washegari na tafi gidan Malama, na danna rikodin a wayata tun daga ƙofa na jefa a jaka. Da farko ta musa, ta ce farfaɗiya ce ta kada shi, da na ce farfaɗiya ba ta ɗaure mutum sai ta harzuƙa, ta ce eh ta ɗaure shi da ɗankwali a ƙarfen taga, saboda yana lalube yana ture sauran yara, ita kuma ba hannu goma gare ta ba, ta ce da na san wahalar da take sha da ban zo mata da rashin kunya ba. Da a nan ta tsaya wataƙila da na sauko. Amma na ce mata ai Sadiku da kansa ya faɗa min, sai ta yi dariya ta ce, "Maman Sadiku, je ki faɗa wa duniya. Wa zai karɓi shaidar kurma makaho? Maganar ma ni na saka masa a hannu, in na ga dama in ce ba haka take nufi ba." Wannan dariyar ce har yau take min yawo a kunne.

Na ɗauke ɗana na dawo da shi Nguru. Tun daga lokacin ya daina magana da hannu, ya koma ihu da buga kai kamar da, fitsari ma a kwance, duk wahalar shekara biyu ta zube. Wani abin da ya ƙara ƙona min rai, wata uwa mai suna Yagana 'yar Dapchi, wadda 'yarta ba ta iya zama sai an tokare ta da filo, ta kira ni ta ce ta taɓa shiga ta gan shi a ɗaure da rana tsaka, ya yi kuka har muryarsa ta dishe, amma ta yi shiru don kada a kori tata 'yar.

To ga inda nake neman shawarar. Wasu masu tallafi sun gina wa Malama sabbin azuzuwa, ƙarshen watan nan za a yi taron buɗewa, manyan gari duk za su zo, kuma hoton ɗana ne a jikin babban allon da aka kafa a bakin titi. Baƙin sun ce suna son jin ta bakin uwar yaron. Shi ne ta turo mijinta wurin maigidana, ba don ta ba da haƙuri ba, wai a manta da abin da ya wuce in zo in yi jawabin godiya. Na ce a gaya mata zan zo. Niyyata in an miƙo min makirfo in kara wayata a jiki, kowa ya ji muryarta da dariyarta, in ɗaga hoton hannayen ɗana, in tsaya ina kallon idonta har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ba na son kuɗinta, ba na son a kai ta wurin 'yan sanda a sasanta a bayan ƙofa, so nake ta ji kunyar da ba za ta ƙara iya fita kasuwar Gashua ba. Har lesin da zan sa ranar na ɗinka.

Maigidana ya ce in bar ta da Allah, na ce ai Allah ne ya ba ni wayar. Ya Falmata ta ce ita ce za ta ci gaba da zama a garin, in tuna da ita. Yagana kuwa har Nguru ta zo, ta durƙusa a ɗakina tana kuka, ta ce, "'Yar uwa, in kika rusa wurin nan ina zan kai Amina? Daga nan har Damaturu wa zai karɓe ta? Ke kin ga naki ya kira ki, ni har yanzu jira nake." Na ce mata da kin yi magana ranar da kika gani da ba mu kai nan ba. Ta tafi ba mu yi sallama ba, kuma na san ba ƙarya ta yi ba, in baƙin suka janye yaran nan duk gida za su koma, a rufe su a ɗaki.

Jiya da hantsi ina kan keke ina ɗinki, Sadiku ya rarrafo ya lalubo gwiwata, ya kama hannuna da kansa, karo na farko tun da na dawo da shi. Ya buɗe tafina ya yi wata alama, ya jira, ya sake yi, ya jira. Ban san ta ba. Cikin waɗanda Malama ta koya masa daga baya ce, ban kai ga koya ba. Na gwada ba shi ruwa ya ture, na ba shi abinci ya ture, ya yi ta yi har ya gaji ya mayar da hannayensa hammata. Duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce ta san abin da ɗana yake ce min, ita ce kuma wadda nake shirin tozartawa.

Don Allah jama'a, musamman iyayen irin yaran nan da malaman da suka san aikin, ya zan yi? In kunna muryar a gaban taro in huce, ko me zai faru ya faru? In samu baƙin a gefe, alhali na san za a iya rufe maganar ta ci gaba da dariyarta? Ko in haɗiye wannan wutar in je in tsaya a gaban matar da ta ɗaure min ɗa, in buɗe mata tafin hannuna in ce ta gaya min me yake cewa?