Battar Magani da Sunan da Ƙanena Ya Goge

Zuwa ga Gwaggo Mariama, mai Filin Shawarwari,

"Yaya, sunan da bakinki ba ya iya kamawa, ni zan sa ƙarfe ya kama shi. Kowace batta da za ta fita daga hannuna, da sunan nan a gindinta za ta fita. In na saɓa, kar in sake riƙe guduma." Maganar ƙanena ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, a tsakar gidana a Malbaza, idonsa cike da hawaye. Yau ga battar a gabana. Na juya gindinta har na gaji. Sunansa ne a wurin, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe, guduma kuwa har gobe tana hannunsa. Ki taimake ni da shawara, Gwaggo, tun ban aikata abin da zai raba gidanmu biyu ba, don wallahi na kusa.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, na haura arba'in, kuma ba halina ba ne kai kukan gida jarida. Bari in ɗauko miki daga tushe.

A 1984 ina ɗauke da cikina na biyu, aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini a gidan likita, jajayen nan masu zaƙi a baya, a ƙunshin takarda kamar yadda ake ba kowa. Ɗiyata ta fari tana shekara huɗu. Ta same su, ta ɗauka alawa ce, ta shanye. Washegari ta cika. Kwananta ne ya ƙare, ban zo tuhumar kowa ba. Amma kin san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tana raye ban taɓa kiranta da sunanta ba, sai "ke yarinya", sai "waccan". Na karanta littattafai har idona ya nemi tabarau, amma harshena bai karanta su tare da ni ba. Da ta rasu, dangi ma suka daina faɗin sunan don tausayina. Sunan ya bi ta kushewa, ni kuma ina ji ina gani.

Shekaru na yi ina kallon yadda magani ke yawo a ƙasar nan: a takarda, a bakin zane, a gwangwanin tumatir, a kan tiren masu tallan da ke ɗauko shi daga ƙetaren iyaka. Kullum inda hannun yaro ke kaiwa. Sai na ce me zai hana a yi abin zuba magani wanda bai fi tafin hannu ba, mai sakin ƙwaya ɗaya tak in an danna, wanda kuma yaro ba zai iya dannawa ba?

Da karan dawa na fara, na fafe cikinsa, ina gwaji da wake. Ko biyu su faɗo tare, ko su cushe ba ko ɗaya. Na koma bututun biro, duk ɗaya. Maigidana har yana tsokanata wai na cinye masa iri. Dabarar ta zo mini ne a zauren gidan mahaifinmu a Illela: ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, baƙo ya tsaya a tsakani har a yi masa izini. Na zana ta haka. Ƙwayoyi a jere cikin bututu, a ƙasa ɗan zaure wanda ba ya ɗaukar fiye da guda. In ƙofar waje ta buɗe, ta ciki ta rufe.

A nan ƙanena ya shigo. Bari in kira shi Mika'ilu. Ni na goye shi, ni na kama hannunsa ya rubuta baƙi na farko. Ya yi aikin gyaran inji a masana'antar siminti kafin ya buɗe garejinsa a bakin hanya. Ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa na da albarka. Shi ya fidda bututun daga farin ƙarfe mara tsatsa, shi ya naɗa ƴar wayar da ke mayar da ƙofa wurinta. Ni da kara zan ƙare in ba don shi ba. Amma da damina ta liƙe ƙwayoyin wuri guda, wa ya ce a yanko zobe daga robar cikin tayar keke a sa a murfi? Da muka gano ƙwayar Najeriya ba girmanta ɗaya da ta farmasi ba, har biyu ke kutsawa zaure, wa ya bi kasuwar Ƙonni tebur-tebur yana auna su, ya ce a yi zaure iri uku? Wa ya ce sai an murɗa kafin a danna, don hannun yaro ba ya haɗa aiki biyu? Ni ce.

Gwajinmu ma a ajina aka yi shi. In cika batta da alawa, in miƙa wa ƴan aji ɗaya, in ce wanda ya fidda tasa ce. Battar farko kafin in juya ga allo sun share ta. Ta ƙarshe kuwa sun cije ta, sun buga ta da tebur, wani ya yi mata kuka, ba ta ba su ko ɗaya ba. Muka kai wa Inna, mahaifiyarmu, da hannunta ke rawa. Ta murɗa, ta danna, ƙwaya ɗaya ta faɗo a tafinta. Ranar ce, da muka koma Malbaza, ya yi mini alkawarin nan. Ban roƙe shi ba, shi ya buɗe baki. Ni ban nemi a sa sunana ba, ban nemi kaso ba. Abin da nake so kawai, wata uwa a Bazaga ko Dogarawa ta juya battarta ta faɗi sunan nan da ƙarfi, tunda ni ba zan iya ba.

Bara wani likitan aikin kiwon lafiya na Turawa ya kawo motarsa gyara, ya ga battar, ya ce a kai ta baje koli a Tawa. Mika'ilu ya ce, "Yaya, ke kina da aji, bari in je mana." Mana, in ji shi. Ina zaune ina gyaran littattafan ɗalibai na ji muryarsa a rediyo. Da Faransancin da ni na koya masa yake bayani, wai yana kallon bakin injin da ke cika buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya ne dabarar ta faɗo masa. Mai hira ya tambaye shi wa ya taimaka masa. Ya ce Allah da hannunsa. Buhun siminti, Gwaggo! Ɗiyata ta mutu, abin da mutuwarta ta haifa kuma an ba buhun siminti.

Na je garejin. Ya ce ƴan kasuwar Ƙonni sun ce ba mai sayen abin magani da sunan mamaci a jikinsa, camfi ne, kuma Turawan suna son sunan wanda ya ƙera. Ya ce, "Ki bari abin ya kama ƙasa tukuna, Yaya, suna ai ba ya tsufa." Na ce alkawari fa? Sai ya dube ni a gaban direbobin da ke jiran motocinsu, ya yi dariya, ya ce, "To wane suna ma kike nufi? Faɗa mini in rubuta." Ya san ba zan iya ba. Shi kaɗai a wurin ya sani. Direbobi na kallona, na juya na tafi. Ƙaryar rediyo zan iya haɗiyewa. Wannan ta tsaya mini a maƙoshi.

Inna ta ce in yi haƙuri, ƙane ɗa ne. Maigidana ya ce gwangwani ne nake neman raba zumunci a kansa, alhali shi ma ɗiyarsa ce. Kowa haƙuri, haƙuri, kamar ni na yi ƙarya a rediyo.

Yanzu Turawan sun ba shi aikin battoci masu yawa da za a raba wa matan ƙauye, kuma bayan Layya zai fara bugawa. Na aika masa: ranar Salla za mu haɗu gidan Inna a Illela, ya zo mini da batta ɗaya mai sunan nan a gindinta. In rana ta faɗi bai kawo ba, Larabar da ke biye zan je kasuwar Ƙonni, in zauna cikin maƙeran gwangwani, in koya musu zaure da ƙofofinsa kyauta, in rubuta musu sunan a allo. Su cika kasuwa da ita har aikinsa ya mutu a hannunsa. Daga nan kuma ba ni ba ƙofar gidansa. Ki faɗa mini in da wata hanya, don ni ban ga ko ɗaya ba.

Uwar Marigayiya, Malbaza

Amsa

Malama ƴar'uwata,

Allah ya jiƙan ɗiyarki, ya sa mai ceto ce. An cuce ki, ba zan zagaya ba. Alkawari kaya ne, kuma shi ya ɗora wa kansa. Ƙaryar rediyo laifi ce, abin da ya yi miki a gaban direbobi ya fi ta muni, don da kunyarki ya doke ki. Masu ce miki gwangwani ne ba su saurare ki ba.

Amma ki duba ɓangarensa ko da ranki ba ya so. Tsoron camfin kasuwa ba shi ya ƙirƙire shi ba, kuma mai ciyar da iyali da guduma yana jin maganar ƴan kasuwa fiye da mai albashi. Ke da kanki kin shaida aikin hannunsa. Dariyar nan da ya yi kuwa, na sha ganin irinta: mutum ne ya san bai kyauta ba, aka ritsa shi a gaban maza, ya rarumi abin da ya fi kusa ya yi jifa. Wannan ba ya wanke shi, amma yana nuna kunyarsa ba ta mutu ba.

Maganar kasuwar Laraba ki janye ta, ba don shi ba. Maƙeran gwangwani araha suke bi. Abu na farko da za su cire shi ne murɗin nan mai wuyar yi, na biyu zaure iri uku. Za ki wayi gari da battar da yaro ke buɗewa, mai zubo ƙwaya biyu, da sunan ɗiyarki a gindinta. In wani abu ya samu ɗan wata, da sunan za a kira shi. Wannan kam ba za ki iya ɗauka ba.

Ga abin da nake gani. Kar ki sake tunkararsa ke kaɗai, kuma kar ki ɗora wa Inna, ƴaƴanta ne ku duka. Ki samu babba wanda bakinsa ke iya faɗin sunan, kawunku ko gwaggon yarinyar, ya zaunar da shi kafin Salla, ba ranar Salla ba, ba kuma a gareji ba. A nemi abu biyu. Na farko, sunan ya hau battar. In Turawa na son sunan maƙeri a gindi, to ya zauna, nata ya hau murfi. Ba inda aka rubuta mai suna ta rasu, mata nawa ke yawo da irinsa a kasuwar nan? Ƴan kasuwa ba su sani ba sai da ya faɗa musu. Na biyu, ya kai ki gaban likitan nan ya faɗi da bakinsa wa ya zana zauren, kuma saboda wa.

Wa'adinki ki bar shi yadda yake, mutum irinsa sai da rana. In ya wuce bai motsa ba, ki tattara karan dawanki, da zane-zanenki, da battocin farko, ki je wurin likitan da kanki, da rakiyar maigidanki. Lokaci ya yi da zai tashi, ɗiyarsa ce. Ki faɗi gaskiya duka, har da albarkar hannun ƙanenki. Ba aikinsa za ki kashe ba, naki za ki karɓa.

Ƙofar gidansa kuwa kar ki rantse a kanta. Inna ta tsufa, kar ki sa ta raba naman layya gida biyu. Ki je Illela, ki gaishe shi, ki ci abin da matarsa ta dafa ko da zai tsaya miki a wuya. Wanda aka yi wa laifi ya shiga da sallama ya fi wuyar kallo a ido fiye da wanda ya shiga da faɗa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya shiryi ƙanenki, ya sa battar nan ta tsare ƴaƴan mutane. A yi Salla lafiya.

Gwaggo Mariama