Hancin da Inna Take Nema

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da yaran duka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare mana kai a inda kake. Mu nan da sauƙi. 'Yan biyuna sun shiga makaranta, maigidana ya warke daga ciwon bayan nan, sai dai har yanzu yana fakewa da shi in an ce ya ɗaga wani abu. Na zaɓi in rubuto ne domin in na ɗauki waya kuka ke riga ni magana, kuma na san duk lokacin da ka kira Auta ce maka yake komai lafiya. To Yaya, ba lafiya ba.

Ka san hancin Baba, Allah ya jiƙansa, mai tudu a tsakiyar kara, ya ɗan karkata hagu. Kai da Auta kuka gaje shi, ni na ɗauko na Inna. Kai naka bai taɓa damunka ba, amma na Auta ka san yadda yake tun yana yaro: magana ta hanci, baki a buɗe, numfashi da ɗan fito kamar buta ta fara tafasa. Tun da katako ya buge shi a shago abin ya ƙaru. Kafar hanci ɗaya ta toshe gaba ɗaya, ga ƙurar katako yana shaƙa wuni guda, ga ciwon kai da haɓo. Wata rana na same shi ya jingina da teburin aikinsa yana haki, zarto a ƙasa, fuskarsa ta yi duhu. Likita ya duba ya ce guringuntsin da ya raba kafofin ne ya lanƙwashe, sai an yi tiyata. Ya kuma ce tunda za a buɗe, in yana so a kankare tudun a miƙe karan. Auta da aka yi ta tsokana da Mai Ƙugiya tun daga firamare, me kake zato zai ce? Har raha ya yi, wai yau shi za a goge kamar katako. Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ba zan gani ba.

Inda abin ya ɓaci shi ne wajen Inna. Rabonka da ita ya yi nisa, ba ka ga yadda ta koma ba. Idon ya tafi, kunne ya yi nauyi, rikicin tsufa kuma ya kama ta sosai. Yanzu da hannu take gane mutane. Duk wanda ya zauna a bakin gadonta sai ta shafa fuskarsa, in babban yatsanta ya hau tudun nan sai ta yi murmushi ta ce Autana. Daga hannunsa kaɗai take karɓar maganin hawan jini da na suga. Ni da na fito daga cikinta, in na miƙa mata sai ta kawar da kai ta ce a jira Auta. Kawu ne ya yanke cewa kada a gaya mata za a yi masa aiki, wai hankalinta zai tashi, a ce ya yi tafiya sayo katako. Na ce a gaya mata, a sa hannunta a fuskarsa a yi mata bayani tun kafin a taɓa shi. Kawu ya ce ni dai bakina ba ya shiru. Aka bi tasa.

Aikin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. A gidana ya yi jinya, idanu sun kumbura sun yi baƙi, hanci a naɗe da filasta, yana kwana a zaune da matasai a bayansa. Ranar da aka cire audugar da aka cusa masa a hanci ya ja iska ta kafofi biyu, sai ga hawaye. Ya ce ashe haka sabulu ke ƙamshi. Fiton ya tafi, muryar ta washe, in ya yi sallama daga waje ni kaina sai na leƙa. Duk kwanakin nan da lallami muke ba Inna magani, muna ce mata Auta ne ya aiko.

Da kumburin ya sauka ya tafi wurinta da ɗokinsa. Ya yi sallama, ta tambayi wane ne. Ya zauna, ta miƙo hannu, shi kuma ya tuna likita ya ce kada a bari a danna wurin, sai ya riƙe mata wuyan hannu. Yaya, da ka ga fuskarta! Ta fizge ta ce wane ƙato ne ke riƙe ta a ɗakinta. Ya saki, ya kai fuskarsa da kansa. Ta shafa goshi, ta sauko, yatsan ya wuce sumul bai ci karo da komai ba. Ta sake komawa sama ta sauko. Sai ta ja jiki ta manne da bango, ta ce a fitar mata da baƙon nan.

Babu abin da ba mu gwada ba. Ya ba ta labarin ranar da ya faɗa a kwata da kayan makaranta, ta ce Auta ne ya ba shi labarin. Ya zo da rigar aikinsa mai warin katako, ta rungume rigar ta kore shi. Abin da ya fi karya mini zuciya, rannan na shiga na tarar da shi ya toshe hancinsa da yatsu yana yi mata magana da tsohuwar muryarsa. Ta saki fuska, har ta buɗe baki ta karɓi ƙwayar, sai hannunta ya tashi neman fuskarsa. Da ba ta ji tudun ba ta tofar, ta ce mu ji tsoron Allah, in Auta ya mutu ne a faɗa mata. Yana durƙushe a gabanta take wannan maganar.

Yanzu ta kafe, ba ta shan magani daga hannun kowa. Mun daka mun zuba a shayi, ta ji ɗaci, shi ma shayin ta daina sha. Ƙafafunta sun kumbura, jinin ya hau, abinci sai loma biyu. Likitanta ya ce in aka ci gaba a haka mu shirya wa komai. Kawu kuwa, maimakon ya yi shiru, sai ya ce wai alhakin canja halitta ne. Wallahi ban san lokacin da na ce masa da numfashi da ƙarya wanne ne ya fi zama laifi ba. Na san za ka ce ban kyauta ba. Na ba shi haƙuri, amma ban janye ba.

Auta ya rame, ya daina buɗe shago. Ya koma asibiti ya roƙi a mayar masa da tudun, ko da toshewar za ta dawo. Likitan ya ce ƙashin da aka kankare ba ya komawa yadda yake, kuma ba a sake taɓa wurin sai an shekara. Inna ba ta da shekara a wannan hali, kowa ya sani.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma Auta ne ya kawo shawarar, sai dai ya kasa faɗa maka da bakinsa. Kai kaɗai ka rage da hancin Baba a duniya. Ka nemi izini a wurin aiki ka zo, don Allah kada ka ce sai hutu. In ka zauna ta shafa fuskarka, ba sunanka za ta kira ba, ta daɗe da daina ambatonka, ka yi haƙuri da na faɗa maka haka. Auta za ta ce maka. Ka amsa kawai. Ya ce zai koya maka yadda ake tallafe mata ƙeya da yadda take son a fara ba ta ruwa kafin ƙwayar, shi kuma zai tsaya a bayanka ya riƙe kofin, ba zai yi magana ba.

Ka gaida maman yara da kyau, ka shafa mini kan Sarkin Surutu da 'Yar Baba. Maigidana da 'yan biyu suna gaishe ka, Kawu ma ya ce a gaishe ka. Auta yana nan zaune a ƙofar ɗakin Inna, ya ce in ce maka yana jira.

Taka ƙanwar,
wadda kake ce wa Barkono