Ranar da Muka Je Gwada Darbil

Zuwa ga Yayana Bukari, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya yalwata makwancinka, ƙaninka Hamisu ne ke rubuto maka daga gidanmu na Nuzla. Inna tana nan, sai dai idonta ya ƙara rauni. Matarka Hauwa da yara suna lafiya. Sanyi ya shigo Jidda, jiya na ga motocin mafarauta sun nufi jeji, sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe maganar da na ɓoye maka shekara tara ba.

Ka tuna lokacin da kake tuƙa attajirin nan, kai ne kuma mai kula da bindigoginsa. A shekarar ya sayo sabuwa mai madubin hangen nesa a kanta, wanda mutanen ƙasar nan ke kira darbil. Saura mako guda a fita farautar barewa, ya ce ka je ka gwada ko saitinta daidai ne. Ka ɗauke ni da hantsi, muka bi hanyar Makka, sannan muka gangara wani kwari da babu kowa, ko akuya ba mu gani ba.

Ka kafa murfin gwangwani a jikin wata farar ƙaya, ka ƙirga taku ɗari da hamsin, ka naɗe bargo a kan motar ka ɗora bindigar. Ka harba uku, duka suka kauce hagu. Ka murɗa 'yar ƙusar darbil ɗin da bakin wuƙa, ka sake harba uku, suka sake kaucewa. Na ji kana cewa, "Ba iska, ba rawar hannu. To me ke ture su?"

Sai ka ɗura wani harsashin, ka tsaya, ka fasa. Ka miƙo mini bindigar ka ce, "Cire harsashin, ka ajiye ta. Ba a leƙa darbil in mutum yana gaba." Ka tafi duba murfin.

Yaya, ban cire ba. Ɗoki ya sa na manta. Na kwantar da kumatuna yadda na ga ka yi, na leƙa.

Na ga bayanka kusa ƙwarai, har gumin da ya jiƙa maka riga. Kuma a gindin ƙayar na ga wata tsohuwa zaune. Baƙin zane ne a jikinta irin na mutanenmu na da, ga ƙunshin kaya a gefenta da 'yar buta ta duma, ƙafafunta duk faso kamar wadda ta daɗe tana tafiya. Na ɗaga kaina na duba da idona, kai kaɗai ne da bishiya. Na mayar da idona, tana nan.

Na ga ka rage sauri, ka cire takalmi, ka durƙusa yadda kake gaida Inna. Ta yi maka magana. Sannan ta ɗago fuska ta dube ni ta cikin gilashin, ni da ke can nesa a bayan mota. Ba ta ƙifta ido ba. A lokacin na lura zaren saitin da ke cikin gilashin yana tsakiyar kafaɗunka, yatsana kuma yana kan kunamar bindigar, ya riga ya fara matsawa. Ban san yadda na zare shi ba. Na cire harsashin na jefa a aljihu.

Da ka dawo ba ka dube ni ba. Ka ce, "Halas, an gama, yalla mu tafi." Sai da muka hau kwalta ka ce akwai duwatsu jere a gindin bishiyar, kabarin wani cikin masu zuwa aikin hajji a ƙafa ne, mu kuma muna ta ruwan harsashi a kansa.

Washegari ka mayar wa maigidanka bindigarsa, ka ce ka daina farauta, ka kuma gaya masa dalili. Ya yi dariya, ya sallame ka. Ka koma dako a kasuwar Bab Makka, kai da ka saba da sitiyari. A unguwa aka ce rana ta taɓa maka kai. A gabanka Kawu Sale ya tambaye ni ko na ga wani abu, na ce ban ga komai ba. Da na ce na gani, da an tambaye ni ta ina na gani. Na bar ka ka sha wannan kai kaɗai, har yara suna nuna ka a lungu.

Bara, da ciwo ya kwantar da kai, ina gyara maka matashi ka riƙo hannuna. Muryarka da kyar take fita. Ka ce, "Tsohuwar nan ba ta yi fushi da harbin ba. Cewa ta yi, kada ka juya, ɗana, ƙaninka bai cire harsashin ba, in ka juya zai razana." Ka saki hannuna ka yi barci. Kwana biyu bayan haka ka cika.

Ashe duk shekarun nan ka sani. Ka ci abinci da ni a kwano ɗaya, ka tsaya mini a aurena, ka sa wa ɗanka na ƙarshe sunana, ba ka taɓa ɗaga maganar ba. Ni kuma ko a ranar bakina bai buɗe ba.

Juma'ar da ta wuce na tara Inna da Hauwa da Kawu Sale na gaya musu komai. Inna ta ce in je in nemi gafararka. Ban san wata hanyar ba sai wannan takardar. Ka yafe mini, Yaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya jiƙan baiwar Allahn nan da ba mu san sunanta ba, ya ba ta ladan hajjin da ba ta ƙarasa ba. Amin.

Ni ne ƙaninka da bai gama kewarka ba,
Hamisu
Nuzla, Jidda